Bindiga ɗaya ta gida: abin da na tarar tun daga rasuwar Baba har aka dakatar da lasisi

Baba, Allah ya jiƙansa, ya rasu ana saura 'yan kwanaki a kama azumin 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuyar gani a hannun mutane. Cikin abin da ya bari akwai gona a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, akwai kuma bindigarsa mai baki biyu wadda ya fi shekara talatin yana shiga daji da ita. Mu uku ne maza, Yaya da ni da ƙanenmu, kuma dukanmu mun taso muna bin sa farauta. Ranar sadakar uku Baffa ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, kun yi maganar bindigar nan kuwa? Mai lasisin ya tafi, ita kuma doka kwana 14 kaɗai ta ba magada su riƙe ta." Ni ban taɓa jin wannan ba. Da daddare Inna ta buɗe mini akwatin Baba, na tarar da littafin lasisin a cikin wani tsohon gwangwanin alewa, tare da tsumman da yake goge bindigar, har yanzu yana ƙanshin mai. Kowane shafi da hatimin sabuntawa, shekara na bin shekara, babu inda ya yi tsallake.

Kashegari muka karɓi takarda daga mai unguwa cewa mamacin mutuminsa ne kuma mu ne 'ya'yansa. Baffa ya raba bindigar gida uku, bututun daban, gindin daban, katakon ƙasa daban, muka naɗe a tsohon gwado, harsasai kuma a wata leda can dabam. Ya ce kada a kuskura a ɗauke ta a haɗe, domin a lokacin ana fama da masu garkuwa da mutane a yankinmu, duk wanda aka gani da bindiga a hanya sai ya yi bayani mai tsawo. Mun isa ofishin 'yan sanda da hantsi, mai kula da ɗakin makamai ya fita aiki, muka zauna a benci har bayan azahar. Da ya dawo ya duba lambar da ke jikin ƙarfen, ya gwada da ta littafin, ya ƙirga harsasai goma sha ɗaya a gabanmu, ya rubuta mana rasit ya buga hatimi. Ko sisi ba a karɓa ba. Da aka rufe ƙofar ɗakin nan sai na ji kamar an sake yi wa Baba sutura, na yi shiru har muka iso gida.

Bayan ƙaramar salla aka zauna rabon gado, aka yi wa bindigar kuɗi, ta faɗo a rabona. A zaman ne Yaya ya kawo shawarar da ta jawo duk wannan tafiyar. Ya ce mai baki biyu ba ta cin nisa, birai kuwa sun gane haka, suna tsayawa can gefen gona inda suka san ba za ta kai ba. Ya ce mu haɗa kuɗi mu sayi bindiga mai dogon zango guda ɗaya, wadda za ta yi wa kowa a gidan, ta kayar da babban nama ta kuma yi wa ƙarami, har ɗansa mai shekara 15 ya koyi harbi da ita. Kowa ya yi na'am. Aka ɗora wa ƙanenmu binciken irin wadda za a saya, ni kuma aka ɗora mini takardu.

Ƙanenmu ya kwana biyu a kan waya yana karanta abin da maharban Amurka ke faɗa. A wurinsa na fara fahimtar abin da ake kira kaliba, wato faɗin ramin bututun bindiga da irin harsashin da aka ƙera mata. Sunaye biyu ne suka yi ta maimaituwa: .30-06, wadda sojan Amurka suka fara aiki da ita a 1906, da .308 Winchester, wadda ta fito a 1952. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Ana samun harsashinsu mai nauyi da marar nauyi, daga kusan giram 10 zuwa kusan 12, saboda haka bindiga ɗaya sai ta yi wa barewa ta kuma yi wa abin da ya ninka ta girma, kuma a ƙasarsu kowane shagon kayan farauta yana sayar da harsashin. Muka tsaya a kan .308 don an ce shurinta, wato dukan da take yi wa kafaɗa in an harba, bai kai na ɗayar ba. Na je wurin mai kwamfuta a Wunti, cikin garin Bauchi, aka buga mini wasiƙar neman lasisi, aka rubuta .308 ɓaro-ɓaro, aka kuma rubuta cewa ta amfanin iyali ce.

Da wannan wasiƙar na shiga ofishin da ke kula da lasisin bindigogi a cikin garin Bauchi. Na jira kusan awa biyu kafin a kira ni. Jami'in ya karanta, ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Malam, wa ya ba ka wannan lambar?" Na ce, "Yallaɓai, a intanet muka gani, an ce ita ce ta fi dacewa da gida." Sai ya jawo durowa ya fito da fotokofin dokar bindigogi, gefen takardun duk ya naɗe don yawan buɗewa, ya juya zuwa jadawalin ƙarshe ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce in karanta da kaina. Layin ya lissafa bindigogin soja: masu kaliba milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300, da inci .303. Ya ce .308 ita ce 7.62 da sunan farar hula, .30-06 ma ramin bututunta inci .300 ne, don haka duka biyun sun faɗa layin da shi ba shi da ikon taɓawa. Jikina ya yi sanyi, don na gane cewa da hannuna na rubuta wa hukuma ina neman makamin da doka ta haramta.

Mutumin bai kore ni ba, ya zaunar da ni ya yi mini bayani, Allah ya saka masa. Dokar tun ta 1959 ce, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, su bindiga mai sarrafa kanta da fistol da waɗancan na soja, lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na mutum ɗaya, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da masu dogon zango na farauta waɗanda kalibarsu ba ta cikin waccan jerin, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu. Sannan ya ja layi a ƙarƙashin kalmar iyali ya ce, "Lasisi ba ya ɗaukar sunan gida. Suna ɗaya, bindiga ɗaya mai lamba ɗaya. In ɗan'uwanka ya ɗauka ba da nasa izinin ba, ku biyun ne a cikin matsala." Da na ambaci ɗan Yaya sai ya girgiza kai, ya ce doka ba ta ba wanda bai kai shekara 17 ba, haka kuma mai raunin gani, da mai taɓin hankali, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Kafin in fita ya ce in fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji tukuna, domin lasisin riƙe bindiga daban, izinin harbin dabba daban.

Can ma tambaya ɗaya ce ta tsayar da ni. Wani dattijon ma'aikaci ya ce, "Manyan namun dajin da kuke son harbi, a ina za ku same su?" Na buɗe baki zan ce ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza, sai na tuna cewa duk inda na taɓa ganin su a rayuwata cikin Yankari ne. Shi kuwa Yankari, tun 1956 aka keɓe shi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, kuma ba a farauta a cikinsa ko da ɗan zomo ne. Lame-Burra da Sumu su ma keɓaɓɓu ne. Ya ce ban da dokar jiha akwai ta tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tarar, kuma ta hana farautar dare da sa guba da cinna wa daji wuta da bin dabba da mota. Abin da mutum zai harba shi ne wanda takardar izininsa ta ambata da suna, a wajen gandun daji. In kuwa giwa ce ta fito ta shiga gona, kamar yadda takan yi a ƙauyukan da ke gefen Yankari, rahoto ake kaiwa, ba a ɗaga mata bindiga. Na fito ina lissafin abin da muke haɗuwa da shi a gonarmu da gaske: gada, zomo, gyazbi, fakara, zabin daji, birai, sai gadu mai tone mana gyaɗa, wanda mu ba ma cin namansa.

Shi wannan dattijon ne ya kwatanta mini gidan wani tsohon mai gadin daji da ya yi ritaya, ya ce duk abin da nake son sani game da harsashi yana wurinsa. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida, na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya aika jikansa ya ɗauko wata 'yar jaka, ya zazzage kwanson harsasai fanko a kan tabarma, duk sun yi duhu don tsufa, ya jera su daga ƙarami zuwa babba kamar yaran makarantar allo. Ya ɗauki mafi girma ya sa mini a tafin hannu, tsawonsa ya kusa kai yatsana na tsakiya. Ya ce wannan ita ce .375, ta Ingila ce tun 1912, dalmarta takan kai giram 19, kuma a ƙasashe da dama na gabashi da kudancin Afirka ita ce mafi ƙanƙantar da ake yarda a tunkari ɓauna da ita. "Amma shurinta ya kusa ninka na .30-06. In ka ba yaro, sau ɗaya zai harba, daga nan kullum sai ya runtse ido kafin ya ja kunama. Maharbin da ke tsoron bindigarsa kuwa raunata dabba yake yi, ta tafi ta mutu a inda ba wanda zai ci."

A nan ya daɗe, ni ma a nan na fi ƙaruwa. Ya ce girman harsashi ba shi ke kayar da nama ba, wurin da ya shiga ne, bayan ƙafar gaba inda huhu da zuciya suke. Cikin waɗanda doka ba ta sa a layin soja ba ya ambaci uku. Akwai .243 Winchester ta 1955, dalmarta wajen giram 6 da rabi, shurinta kusan rabin na .30-06, mai ƙaramin jiki zai riƙe ta ba fargaba, sai dai ta yi wa babban nama kaɗan. Akwai .270 Winchester ta 1925, dalmarta giram 8 zuwa 10, tana tafiya miƙe har nesa, shurinta matsakaici. Sai 7x57 ta Jamus, tsohuwa tun ƙarshen ƙarni na 19, wadda ya ce ya fi ƙauna don sauƙin shurinta da yadda take shiga jiki. Ya kuma nuna mini abin da ba mu taɓa tunani ba, cewa tsawon gindin bindiga ma sai ya dace da hannun mai ita. Yaya dogo ne, ƙanenmu gajere, wadda ta zauna wa wannan a kafaɗa ba za ta zauna wa wancan ba.

Sannan ya tambaye ni abin da ke bayan gonarmu. Na ce gonakin maƙwabta ne, sai burtali, sai rugar Fulani can gaba, mata kuma suna shiga itace. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, harsashin .270 in ya kuskure biri, ya fi kilomita uku yana tafiya, kuma ba ya tambayar sunan wanda ya tarar. Ƙwayoyin dalmar mai baki biyu kuwa 'yan ɗaruruwan mita ne kawai sun zube ƙasa. Mahaifinka da ya zauna da ita shekara talatin ba rashin kuɗi ba ne." Ya ce ita mai baki biyun, wadda harsashinta lamba 12 ne, in ka sa mata ƙananan ƙwayoyi ta yi fakara da zabo, in ka sa manya ta yi gada, in ka sa dunƙulalliyar dalma guda mai giram 28 ta kayar da gadu a tazarar taku hamsin zuwa saba'in. A sarƙaƙiyar daji irin tamu, ya ce, sau nawa ka taɓa hango nama a fiye da haka? Na kasa ba shi amsa.

Duk da haka Yaya bai saki maganar .270 ba, don haka na yi tattaki zuwa wurin wani dillali mai rajista a wani gari wajen jiharmu. Lokacin an cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota ya ninka. Dillalin ko taɓa bindiga bai bar ni na yi ba tunda ba ni da lasisi a hannu, kuma na ga gaskiyarsa. Ya ce harsashin lamba 12 shi ne yake da shi kullum don shi ake nema. Na .270 da .243 kuwa sai an yi oda daga waje, sai an sami izinin shigo da shi, kuma da dala ake lissafi, ga shi a watan Yunin nan aka saki farashin naira. Ya ƙi faɗa mini kuɗi tsayayye, ya ce duk abin da ya faɗa yau gobe zai zama ƙarya. Na dawo na gaya wa Yaya cewa ko mun samu bindigar, ranar da harsashi ya ƙare ba ta fi sanda ba.

Aka sake zama, Inna na gefe tana saurare. Muka yanke cewa ni zan nemi lasisin bindigar Baba da sunana, Yaya kuma in ya ga hali daga baya ya nemi .270 da nasa sunan, ɗansa ya jira shekarunsa su cika. Takardun da aka ce in kawo su ne sabuwar wasiƙa, hotuna ƙanana, katin ɗan ƙasa, takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya, takardar kotu mai nuna cewa bindigar ta faɗo a rabona, wasiƙar hakimi, shaidar biyan haraji, rahoton likita kan ido da lafiyar ƙwaƙwalwa, sai tsohon lasisin Baba da rasit ɗin ajiya. Rahoton likita ne ya fi cin lokaci, sau uku ina zuwa asibiti kafin in ga likitan da zai sa hannu. Na kuma sa mai walda ya haɗa mini akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu aka kafe shi a bango, don an ce za a iya zuwa a duba inda zan ajiye ta. Tsakanin kuɗin mota da hoto da fotokofi da asibiti da akwatin, na kashe wajen naira dubu tamanin, akwatin ne ya cinye kusan rabi.

Sau biyu aka nemi a karkatar da ni a wannan tsakanin. Wani mutum a bakin titi kusa da wani ofishi ya ce in ba shi wani abu ya fito mini da lasisi cikin mako guda. Wani kuma a ƙauye ya aiko mini cewa akwai mai dogon zango a hannu, ba takarda, kuɗi kaɗan. Duka na ƙi. Riƙe haramtacciyar bindiga ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne, kuma wanda ya ga littafin Baba da hatiminsa a jere ba zai iya shigo da irin wannan kaya cikin gidansa ba.

A watan Yuli na miƙa fayil, aka ɗauki zanen yatsuna, aka ce in jira a tura sama. Ina cikin jira, a watan Agustan 2023, na ji a rediyo cewa Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasar, saboda yawan bindigogin da ke yawo a hannun jama'a. Na koma ofishin washegari, jami'in nan ya tabbatar mini, ya ce fayil ɗina yana nan, in adana rasit ɗina da kyau. Raina ya sosu ƙwarai, wata biyar ina zirga-zirga. Amma wanda ya san abin da bindigogi marasa takarda suka yi wa ƙauyukanmu ba zai ce matakin ba shi da dalili ba.

Wanda zai bi wannan hanya, ina roƙonsa kada ya fara daga inda muka fara. Ya fara zuwa ya tambaya ko ana ba da lasisi a lokacin ma, kafin ya kashe ko kwabo a asibiti ko wurin mai walda. Ya karanta jadawalin dokar da idonsa, don shawarar maharbin Amurka a kan dokar ƙasarsa da dajinsa take. Ya rubuta dabbobin da yake gani a gonarsa da gaske, ya kai wa ma'aikatan gandun daji su gaya masa wanne ya halatta, sannan ya tsaya a gonar ya dubi abin da ke bayan inda zai harba. In 'yan gida da yawa ne ke son farauta, kowane baligi ya nemi nasa izinin, kuma a zaɓi kaliba da ma'aunin wanda ya fi kowa ƙaramin jiki, ba wanda ya fi ƙarfi ba. In kuma rasuwa aka yi, a tuna da kwana 14 ɗin nan tun ana zaman makoki, a yi wa kowace takarda fotokofi biyu, ɗaya a gida ɗaya a jaka.

Daminar nan da gwangwanaye da majajjawa da karnuka biyu muka yi gadin masara, muka yi wa yara rumfa a kan itace suna kwana biyu-biyu da Yaya. Birai sun ci rabonsu a gefen gabas, amma mun kai amfani gida. Ni kuwa duk bayan 'yan watanni nakan ɗauki rasit ɗin nan in je in gaida mai ɗakin makamai, in roƙe shi ya fito mini da ita in gani. Zuwan ƙarshe na ga tsatsa ta fara a ƙasan bututun hagu. Na ce, "Yallaɓai, ka ba ni izini in goge?" Ya duba cewa ba komai a cikinta, ya miƙo mini. Na fito da tsumman Baba daga aljihu na goge ta a gabansa, ya mayar ya kulle, na sa hannu a littafi na kama hanyar tasha.